Kwana Ɗaya Aka Ba Ummi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a tsakar gidan kwanan ɗalibai mata a Aliero, na gyara hijabina, na yi gyaran murya, na yi wa 'ya'yan mutane jawabi a kan abin da ni kaina ban fahimta ba. Har yau in abin ya faɗo mini ina tsakiyar tuƙa tuwo, sai in saki muciya in rufe fuska da hannu biyu, ni kaɗai a madafa, kamar akwai mai leƙena ta taga.

Bari in faro daga tushe. Ummi ita ce 'yata ta fari (ba shi ne sunanta na yanka ba, sunan surukata ta ci, kuma ko ba don haka ba kun san bakin uwa ba ya kama sunan 'yar fari). Shekarar da ta gama sakandare Allah ya ba ta gurbin karatu a jami'ar da ke Aliero. Mu kuwa a Jega muke, tafiyar da ba ta isa mutum ya yi gyangyaɗi a mota ba. Ranar da labarin ya zo, yarinyar nan da ko dariya sai ta rufe baki, sai ga ta tana tsalle a tsakar gida har ta kifar mini da tiren shinkafar da nake tsincewa. Ban ko yi faɗa ba. Na tsince abata ina hawaye.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ba a ce don an ba ka gurbi shi ke nan ba. Sai ka shiga kwamfuta ka danna cewa ka karɓa, kuma akwai wa'adi, in ya wuce sai wata shekara. Malam, wato mahaifinta, ya ce a dakata da dannawar.

Malam dillalin albasa ne. Rabin rayuwarsa a gonakin Aliero da su Jiga Makera ya yi ta, don haka ya san garin ciki da bai. Ya ga ɗakunan hayar da ɗalibai ke kamawa a cikin gari, wasu ko ƙyaure mai kyau babu, ya kuma san yadda manyan motoci ke wucewa a hanyar nan lokacin kakar albasa. Ya ce shi ba zai sa 'yarsa haya ba, ba kuma zai sa ta jeka-ka-dawo kullum a bayan kabu-kabu ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: in za ta samu wurin kwana a cikin makaranta, ta karɓa. In babu, ta haƙura bana.

"Ba a sayen albasa buhu a ɗinke," in ji shi. "Sai an kwance baki, an zura hannu har gindi. Ku fara gano inda za ta kwanta, sannan a danna."

Ummi ta yi ta roƙo, ta ce kowa karɓa yake fara yi sannan ya nemi ɗaki. Malam ya ce shi ba kowa ba ne. Ba mugunta ba ce, na san shi. Mutumin da in yarinyar nan ta yi tari da dare sai ya tashi ya zauna. Haka aka yi ta ja har ranar ƙarshe ta wa'adin ta zo.

Ranar da za a je duba wurin kwanan, shi yana da gaisuwar rasuwa a Maiyama, kuma ko yana nan ma ba a barin namiji ya shiga gidan kwanan mata. Sai ya dube ni ya ce, "Ke ce idona. Ki je ki gani, ki tambaya. Ai ke kin yi boko." Muka shirya yadda za a yi: Ummi za ta zauna a shagon masu kwamfuta da ke bakin ƙofar makaranta, ni in shiga in bincika, in kira shi, shi kuma ya kira ta ya ce danna ko kar ki danna.

"Ai ke kin yi boko" ɗin nan ita ta kai ni ta baro. Gaskiya ne na gama sakandare, kuma a unguwarmu ni ake kawo wa kwalin magani in karanta sau nawa ake sha. Amma ta jeka-ka-dawo na yi. Ban taɓa yin makarantar kwana ba, ban taɓa leƙa ɗakin kwanan ɗalibai ba ko da ziyara. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba. Ku kuma riƙe cewa wayata ta taɓa faɗawa cikin bahon wanki, tun daga nan ba a jin magana sai an buɗe muryarta kowa ya ji.

Na shiga da bisimilla. Ni dai Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf, kuma wurin nan ya ba idona abinci. Bokitai ne a jere a bakin famfo, dogon layi, kowane an rubuta sunan mai shi da jan farce, masu su kuwa suna can inuwa suna hira, bokitan ne ke bin layi a madadinsu. A igiyar shanya hijabai da siket da wanduna sun haɗu suna shan iska tare ba faɗa. Ta wata taga ina jin wata na bitar Alƙur'ani da murya mai daɗi, ta taga ta gaba wata na rera waƙar coci a hankali tana wanke-wanke, ba wadda ta dami wata. Ƙamshin soyayyen manja da albasa ya cika wurin (na ce a raina, to, ko ba komai kasuwar Malam na tafiya a nan). Na ga wata ta tsoma ƙafafunta cikin bokitin ruwa tana karatu, na tsaya ina kallo har sai da ta ɗago ta gaishe ni.

Aka nuna mini ofishin mai kula da gidan. Kowa Madam yake ce mata. Mace ce mai jiki, mai fara'a, Kirista ce daga can kudu, aiki ya kawo ta ƙasarmu tun da daɗewa. Hausarta ta ishe ta ciniki, ta ishe ta faɗa, ta ishe ta lallashi, sai dai kalmomin duk a miƙe take fitar da su, ba hawa ba sauka. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa mai sanyi, har ta ce in lokacin salla ya yi akwai tabarma da buta. Nan take na ji ta kwanta mini.

Na fara zuba tambayoyi. Ina suke ɗebo ruwa in famfo ya ɗauke? Ana rufe ƙofa da dare? Wa ke riƙe da mabuɗi? In yarinya ta kamu da zazzaɓi wa ke kai ta asibiti? Akwai masallaci kusa? Ana barinsu su yi girki? Maciji fa, na ga ciyawa a bayan katanga? Duk ta amsa ba ƙosawa. Har na sako mata, ba tare da ta tambaye ni ba, cewa ai ni ma na yi sakandare. Ta ce, "Ah, to Mama ke 'yar gida ce, kin san komai." Na yi murmushi irin na wanda ya san komai.

Sannan na zo kan abin da ya kawo ni. Na ce, "Madam, ɗiyata ce anka ba makaranta bana. Babanta ya ce ba ta karɓa sai in tana da wuri nan ciki. Shi na zo in ji."

"Mama, kwantar da hankali. Sababbi su muke fara ba. In ta karɓa ta yi rajista da wuri, za ta samu kwana."

Na ce alhamdulillahi, har na fara laluben waya a jaka.

"Kwana ɗaya," ta ƙara, ta ɗaga yatsa. "Kowace yarinya kwana ɗaya. Ko 'yar wane ce."

Hannuna ya tsaya a cikin jaka. Na ce, "Kwana ɗaya?"

"Ɗaya."

"A sati?"

Ta yi dariya. "Wane sati, Mama? A shekara."

To jama'a, a nan ne ya kamata mai hankali ta ce, Madam, ban gane ba, yi mini bayani. Kalma nawa ce? Amma yanzun nan aka ce mini 'yar gida, na san komai. Sai na gyaɗa kai a hankali na ce, "Uhm. Na gane."

Ban gane komai ba. Sai kaina ya shiga aiki. Na taɓa jin ana cewa 'yan jami'a ba sa barci, a aji suke kwana suna karatu har asuba. Ashe gaskiya ne? Ashe abin ma doka ce? Sai na tuna yarinyar da ta tsoma ƙafa cikin ruwa. Wato don kar barci ya ɗauke ta ne, tun da ba ranar kwananta ba ce. Komai ya fara haɗuwa daidai, kamar an ɗinka.

Na bi ta bayan gida na sake tambaya, don kar a gane ni. Na ce, "To sauran fa, Madam? Ina suke yi?"

Ni sauran kwanakin shekara nake nufi. Ita ta ɗauka sauran ɗalibai.

"Sauran? Ai sai haƙuri. Wasu su tafi cikin gari. Wasu su maƙale wa ƙawarsu, su raba kwana ɗayan su biyu. Ba a yarda ba, amma yara ne." Ta matso ta rage murya. "Akwai ma masu sayar da kwanansu."

"Sayarwa?"

"Wallahi, Mama. In na kama, ba sauƙi."

Na ce a'uzu billahi a cikin zuciyata, har sau uku. 'Ya'yan mutane, iyayensu na can gida suna musu addu'a.

"Kuma ki gaya wa yarinyarki," in ji Madam tana gyara gilashi, "in shekara ta ƙare, kwananta ya ƙare."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi in an ce kwanan mutum ya ƙare. Na san ba haka take nufi ba, na san baƙuwar harshe ce, amma jin kalmar a kan Ummina sai da gabana ya faɗi. Na tofa a gefe a ɓoye, na yi mata godiya, na fito.

A waje duk abin da na gani sai ya zama shaida. Ga wata ta shimfiɗa ɗankwali a baranda tana sharar barci da tsakar rana, littafi a kan fuska. Na ce Allah sarki, satar barci take. Ga wata tana hamma har da hawaye. Na tare wata 'yar siririya ɗauke da bokiti, na ce, "Ɗiyata, ke kin samu kwana bana?"

"A'a Mama, ban samu ba. Wurin ƙawata ni ke maƙale."

"Tun yaushe?"

"Tun da munka dawo."

Na duba idanunta, na ga kamar sun faɗa. Na buɗe jaka na ba ta dabinon da na zo da shi. Ta karɓa tana kallona da mamaki.

Na koma bayan wata dalbejiya inda ba kowa, na kira Malam. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Yaya, an samu?"

"Malam, an samu, amma kwana ɗaya ne."

"Mi?"

"Kwana ɗaya su ka ba kowace yarinya. A shekara."

"A shekara? Ke, kin dai ji da kyau?"

"Da kunnena na ji. Har na maimaita. Na tambayi yaran ma, wata ko ɗayan ba ta samu ba." Sayar da kwanan kam ban iya faɗa masa ba, bakina ya ƙi.

Malam ba ya shakkar maganata, shi ne abin da ya fi ba ni kunya daga baya. Da wani ne ya gaya masa sai ya ce zancen banza. Amma ni ce idonsa, ni ce na yi boko. Ya ja numfashi ya ce, "To. Allah bai nufa ba. Bari in kira ta ku koma gida."

Da na kashe wayar nan na kama hanyar ƙofa, da abin ya tsaya tsakanina da iyalina. Amma zuciyata ta ƙi. Na ce tawa 'yar ta tsira, za ta koma ta kwanta a kan katifarta, to waɗannan fa? Su ma uwa ce ta haife su. A gidanmu akwai ɗakin baƙi a rufe, akwai na surukata marigayiya, ba abin da ke ciki sai buhunan gero. Gobe kiyama in aka tambaye ni me na yi da na ga 'ya'yan Musulmi da na Kirista ba wurin sa haƙarƙari, me zan ce?

Sai na juya na nufi bakin famfo, inda suka fi yawa. Na yi sallama da ƙarfi. Suka amsa, suka ba ni hankalinsu, don sun ga babba.

Na ce, "Ɗiyana, ku saurare ni. Ni uwa ce, daga Jega ni ke. Na ji halin da ku ke ciki, kuma wallahi zuciyata ta karye. Ilimi farilla ne, amma jiki ma yana da haƙƙi. Allah ya yi dare don hutawa."

Wasu suka ce, "Haka ne, Mama." (Wannan ya ƙara mini ƙarfi. Da sun sani da ba su ce ba.)

"Masu sayar da kwanansu kuma, don Allah ku bari. Abin duniya ba ya ƙarewa. Mutuncin ɗiya mace ya fi komai."

Na ga biyu sun dubi juna. Na ɗauka maganar ce ta shige su.

"Gidana yana nan Jega Magaji, ba nisa. Akwai ɗaki, akwai tabarmi, akwai tuwo. Ba ni son ko sisi. Duk wadda kwananta ya ƙare, ta taho gidana."

Sai da kalmar ta fita na ji ta. Wata daga baya ta ce, "La ilaha illallahu, Mama, gidanki maƙabarta ne?"

Wurin ya ɗan kece da dariya, amma irin wadda ake dannewa. Hayaniyar ta fito da Madam daga ofis. Ni kuwa maimakon in tsaya, ganinta sai ya ƙara tunzura ni. Na je gabanta, na ɗan rusuna, ni da na girme ta ko mun yi sa'a, na ce, "Madam, ke ma uwa ce. Na san ba ke kika kafa dokar ba. Amma ki kai kukanmu sama. A ƙara musu. Ko kwana uku ne a ba kowace yarinya."

Ta buɗe baki. "Uku? Mama, ina zan samo? Kwana huɗu ne kawai a ɗaki!"

"Wane irin huɗu?"

"Huɗu mana! Kowane ɗaki kwana huɗu ne. Ko ɗakinki na gida kwana nawa gare shi?"

Kun san yadda ake yi in an ɗauke wuta tun safe, mutum ya manta ya bar fitila a kunne, sai kwatsam a kawo, haske ya cika ɗaki a lokacin da ba ka shirya ba? To haka ya faru a cikin kaina. Ɗakina kwana nawa gare shi. Ɗaki. Huɗu.

Wata ɗaliba doguwa, daga baya na ji sunanta Saratu, 'yar Maiyama ce, ita ta fara ganewa. Ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa, ta zo ta kama hannuna cikin ladabi ta ce, "Mama, taho ki gani." Ta ja ni zuwa ɗaki mafi kusa, duk taron na biye da mu. Ta nuna mini kusurwar dama: gado, katifa, 'yar loka, labule mai furanni, sallaya a ninke a kan matashi.

"Wanga shi ne kwanana. Wancan na Maryam. Kusurwa, Mama. Irin kwanar hanya, inda mota ke karyawa. Nan mu ke kwana kullum."

"Kullum?"

"Kullum, Mama. Har da na rana in an samu."

Shi ke nan aka saki dariyar da ake dannewa. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, har daga saman bene ake leƙowa ana tambayar me ya faru, ana ba da labari daga taga zuwa taga. Madam ta dafa bango tana share hawaye tana kiran sunan Allah da yarensu. 'Yar siririyar da na ba dabino ta zauna dirshan a kan bokitinta. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar ɗaki mai kwana huɗu ina neman na biyar in shige.

Na san kwana ta hanya mana. Tun ina yarinya nake jin direbobi na cewa a sha kwana. Amma ta ɗaki, mu kusurwa muka sani, ko lungu. Kuma da Bahaushiya ce ta faɗa, ƙila da muryar kalmar ta tsirar da ni, don ba ɗaya muke furta su ba. Sai aka haɗa bakin Madam da girman kaina.

Ina cikin wannan hali sai na hango Ummi a bakin ƙofa, idanunta jajur, mayafinta ya zame. Ta biyo ni ne bayan kiran babanta. Ba ta ga dariyar ba ma, ni kawai take kallo.

"Inna, mi kinka ce ma Baba? Ya ce in tashi mu tafi gida. Ya ce bana babu."

Dariyar ta mutu nan take. Sai a lokacin na tuna abin da na aikata. Wa'adi na ƙarewa, yarinya ta shekara tana karatu da fitilar waya, ni kuma da bakina na rushe komai saboda na ji kunyar cewa ban gane ba. Kunyar taron sai ta zama ƙarama.

Na kira Malam. Ba a ɗauka ba. Na sake. Shiru. Saratu ta ce ƙila sun shiga sallar azahar. Madam ta mayar da mu ofis, ta ba Ummi kujera tana shafa mata baya, tana cewa ba komai, ba komai. 'Yan matan nan kuwa ba wadda ta koma bakin famfo. Sun cika ƙofa da taga, suna jira tare da mu, kamar 'yar'uwarsu ce. Na ji wata a hankali tana cewa, "Allah ya sa ya ɗauka." Wata ta ce amin da irin nata lafazin. Ban san tsawon lokacin da muka zauna ba. Na dai ja carbi har na rasa inda na tsaya.

Sai wayar ta yi ƙara. Kun tuna na ce ba ta magana sai a bainar jama'a.

"Kun kama hanya?"

"Malam... akwai gyara a maganar ɗazu."

"Ina ji."

"Kwanan nan da na ce... ba na barci ba ne. Na ɗaki ne. Kusurwa. Kowace yarinya ana ba ta kusurwa guda da gado, ta shekara tana kwana a ciki."

Sannan na ji wani sauti kamar mutum ya shaƙi yaji. Malam ba mai dariya a waya ba ne, balle daga gidan rasuwa ya fito, don haka ƙoƙari yake ya mayar da ita tari.

"To yanzu," ya ce da ƙyar, "kwana nawa ne?"

"Ɗaya ne dai, Malam. Amma mai gado."

Taga ta sake fashewa. Ya ji su sarai. Ya ce, "Su wa ke nan?" Na ce 'ya'yana ne. Ya ce a ba shi mai kula da wurin. Suka gaisa da Madam, ya tambaye ta ƙofa da mabuɗi da ruwa, ta amsa masa yadda ta amsa mini, ta kuma ce sababbi ake fara ba, in an yi rajista da wuri. Ya ce ta ba shi amana, ta ce ta karɓa. Sannan ya dawo kaina ya ce, "Ke, kin ga gadon da idonki?"

"Na gani. Har na taɓa katifar."

"Ashe kin kwance buhun."

"Na kwance, Malam. Ta gindi na fara."

Ya sake tarin nan. Sannan ya ce, "Ummi na kusa? Je ki danna, Allah ya sa albarka."

Ban taɓa ganin 'yata ta yi gudu haka ba. Saratu ta bi ta a baya riƙe da takalminta ɗaya da ya fita.

Ta karɓa, ta yi rajista, ta samu kwananta, na kusa da taga. Ranar da muka kai kayanta na so in tsaya a bakin ƙofa, amma ina! Tun daga nesa aka fara, "Ga Maman Kwana! Mama, an ƙara mana?" Na ja hijabi na rufe rabin fuska na wuce ina amsa gaisuwa.

Na ɗauka abin ya tsaya nan. Sai da aka yi wani ɗan gajeren hutu, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji sallama da muryoyi da yawa. Ummi ce, da 'yan mata uku a bayanta da jakunkunansu, waɗanda garuruwansu suka yi nisa, hutun bai isa a je a dawo ba. Ɗaya 'yar siririyar nan ce ta dabino. Ɗaya Kirista ce, ta ɗaura ɗankwali a karkace don girmama gidan. Suka durƙusa suka gaishe ni, sannan 'yar siririyar ta ɗago da fuskar tausayi ta ce, "Mama, kwananmu ya ƙare."

Na ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ku shigo." Muka kwashe buhunan gero daga ɗakin surukata, na shimfiɗa tabarmi, na ɗora tukunya babba. Tun daga lokacin ɗakin nan bai sake zama na gero ba.

Abin da na koya kuwa, ba wani mai zurfi ba ne. Ranar nan na tambayi ruwa, na tambayi mabuɗi, na tambayi har maciji, amma tambayar da ta fi kowace sauƙi na haɗiye ta don kar a ce ban waye ba, ta kusa cinye wa 'yata shekara. Yanzu ko a asibiti, ko a taron iyaye, in ban gane ba sai in ɗaga hannu in ce a maimaita, kowa ya kalle ni. Kunyar "ban gane ba" ta minti ɗaya ce. Ta "na gane" kuwa, ga ni nan har yau ina biya.

Don kullum da safe, in na kai wa Malam kunu na durƙusa na ce, "Malam, ina kwana?" ba ya amsawa nan take. Sai ya ajiye carbi, ya ɗaga hannu a natse, ya nuna mini kusurwar ɗaki ya ce, "Ga shi can."